Ɗan Wane Ne Wannan? Nazarin Raba Yara da Iyayensu a Kan Iyakar Amurka

A ranar 1 ga Nuwamba, 2017, wata mata 'yar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta iso mashigar San Ysidro, kusa da birnin San Diego a jihar Kalifoniya, riƙe da hannun 'yarta mai shekara shida. Ba ta ratso daji ba, ba ta haura katanga ba. Ƙofa ta biyo, ta miƙa kanta ga jami'ai, ta ce mafaka take nema. Bayan kamar kwana huɗu suna tsare tare, sai aka zo aka ja yarinyar zuwa wani ɗaki. Takardar ƙarar da aka shigar daga baya ta ce uwar tana jiyo ihun 'yarta daga ɗakin, tana cewa a bar ta da mahaifiyarta. Aka ɗauki yarinyar zuwa wani gidan ajiye yara a Shikago, tafiyar kusan kilomita 3,000, aka bar uwar a gidan tsare baƙi a yankin San Diego.

Babu wanda ya zargi matar da cutar da 'yarta. Jami'in da ke tantance masu neman mafaka ma ya gamsu cewa tsoron da take ji na komawa gida yana da tushe. Hujjar da hukuma ta kawo ita ce wai tana shakkar ko yarinyar 'yarta ce. Amma wata huɗu suka shuɗe ba a yi gwajin ƙwayar halitta ba, sai bayan da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta shigar da ƙara a ƙarshen Fabrairun 2018. Da aka yi gwajin, ya tabbatar da abin da matar ta faɗa tun ranar farko. A watan Maris aka haɗa su.

Kotu ta sakaya sunan matar, da harafin L kawai aka san ta. Ƙararta ce ta zama inuwar da dubban iyalai suka fake a ƙarƙashinta bayan 'yan watanni, lokacin da abin da aka yi mata ya zama tsarin gwamnati.

Dokar da aka tarar

Amurka ba ta rasa dokokin kula da yaran baƙi ba. Tana da su, kuma da yawansu daga abin kunya aka samo su. A 1985 an shigar da ƙara a madadin wata yarinya 'yar shekara 15 daga El Salvador, wadda hukumar shige da fice ta tsare tare da manya waɗanda ba ta sani ba, ana tuɓe ta ana caje ta, kuma aka ƙi sakinta ga danginta saboda ƙa'idar lokacin ta ce sai uwa ko uba ko waliyyi na doka. Shari'ar ta ja har Kotun Ƙoli, ta ƙare da sulhu a 1997. Wannan sulhun, da ake kira yarjejeniyar Flores da sunan yarinyar, ya ɗora wa gwamnati abu uku: ta saki yaro ba tare da jan lokaci ba ga iyayensa ko danginsa ko wani amintacce, in sakin bai yiwu ba ta ajiye shi a wuri mai lasisin kula da yara, kuma duk inda yake ya kasance wuri mai tsafta da aminci.

A 2002, bayan harin 11 ga Satumba, majalisa ta rushe tsohuwar hukumar shige da fice ta kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. A cikin dokar aka yi wani abu mai hikima. Aka ce bai dace hukumar da aikinta kama baƙi da tasa ƙeyarsu ta zama ita ce mai renon yaransu ba. Sai aka miƙa riƙon yaran da suka iso su kaɗai ga Ofishin Tsugunar da 'Yan Gudun Hijira, wanda ake taƙaita sunansa da ORR, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. Dokar yaƙi da safarar mutane ta 2008 ta ƙara da wa'adi: jami'an kan iyaka su miƙa irin wannan yaro ga ORR cikin awa 72. Yaran Meziko da Kanada ne kawai ake iya mayarwa nan take bayan ɗan gajeren bincike.

Akwai wata ma'ana a dokar 2002 da ya kamata mai karatu ya riƙe, don a kanta komai ya rataya. Yaro "marar rakiya" shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ba shi da izinin zama, kuma ba shi da uwa ko uba ko waliyyi a cikin Amurka da zai iya kula da shi. An tsara wannan ne domin matasan da suka taso daga Guatemala da Honduras da El Salvador su kaɗai, irin waɗanda, in aka haɗa da na Meziko, suka haura 68,000 a shekarar kuɗi ta 2014. Galibinsu 'yan shekara 15 zuwa 17 ne, sun san sunan garinsu, sun haddace lambar wayar kawu ko yaya da ke jiransu a wata jiha. Aikin ORR shi ne ta ajiye su na 'yan makonni, ta binciki wanda zai karɓe su, ta miƙa su. Ba a gina ofishin don yaron goye ba, kuma ba a gina shi don mayar da yaro ga uwar da ke tsare a hannun wata ma'aikatar ba.

Iyalai da suka zo tare kuwa, gwamnatin Obama ta gwada tsare su a manyan sansanoni a Teksas. A 2015 alƙaliya Dolly Gee ta yanke cewa yarjejeniyar Flores ta shafi har yaran da suka zo da iyayensu, abin da a aikace ya sa ba a iya tsare yaro fiye da kamar kwana 20. Daga nan yawancin iyalai sakinsu aka riƙa yi su jira zaman kotu.

Ba sani ba sabo

Wannan sakin ne ya tsone wa gwamnatin Trump ido. Tun a watan Maris na 2017 John Kelly, wanda ke riƙe da Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a lokacin, ya faɗa a talabijin cewa yana duba yiwuwar raba yara da iyayensu domin a karya gwiwar masu niyyar tahowa. Daga tsakiyar shekarar zuwa Nuwamba aka gwada abin a ɓoye a yankin El Paso. A ranar 6 ga Afrilu, 2018, ministan shari'a Jeff Sessions ya ba da umarnin ba sani ba sabo: duk baligin da aka kama ya shigo ba ta ƙofa ba, a gurfanar da shi. A farkon Mayu Kirstjen Nielsen, wadda ta gaji Kelly, ta sa hannu a kan miƙa har iyayen da ke tare da yara ga masu gabatar da ƙara. Ranar 7 ga Mayu Sessions ya tsaya a San Diego ya ce wanda ya shigo da yaro za a gurfanar da shi, kuma za a raba shi da yaron.

Ga yadda dabarar take. Shiga Amurka ba bisa ƙa'ida ba a karon farko ƙaramin laifi ne, hukuncinsa bai wuce wata shida ba. Amma da zarar an caji uba da shi, sai ya koma hannun Ma'aikatar Shari'a, kuma yaro ba ya bin babba gidan yari. A takarda, uban ya zama wanda ba ya nan. Yaron da ya kwana a cinyar babansa jiya, yau ya cika sharaɗin marar rakiya, sai a tura shi ORR. Babu dokar da ta ce a raba su. Ma'anar da aka rubuta don kare yaro ce aka juya ta ta zama wuƙa.

Shari'ar kanta ba ta ɗaukar lokaci. Ana jera mutane da dama a gaban alƙali lokaci guda, su amsa laifi, a ce kwanakin da suka yi a tsare sun wadatar. Wasu iyayen da safe aka fita da su, da yamma ko washegari aka dawo da su wurin da suka bar 'ya'yansu, suka tarar an kwashe su. An samu iyaye da dama da suka ce cewa aka yi da su za a kai yaran wanka ne ko ɗaukar hoto.

Tsakanin 5 ga Mayu da 9 ga Yuni kaɗai, alƙaluman gwamnati sun nuna an raba yara 2,342. Ƙaramin cikin waɗanda aka gano, tun kafin ma a shelanta tsarin, jariri ne ɗan wata huɗu da aka ɗauke daga hannun mahaifinsa ɗan Romaniya. Wuraren ajiya suka cika. A Brownsville wani tsohon kantin Walmart ya zama masaukin yara maza kusan 1,500. A Tornillo, cikin hamadar Teksas, aka kafa tantuna. Hotunan yara a cikin kejin waya a cibiyar McAllen suka zagaya duniya, ko da yake gaskiya ita ce tun 2014, zamanin Obama, aka gina kejin.

Ranar 17 ga Yuni Nielsen ta rubuta cewa gwamnati ba ta da wani tsari na raba iyalai a kan iyaka. Washegari kafar labarai ta ProPublica ta saki faifan murya da aka naɗa a asirce a wata cibiya, ƙananan yara suna kuka suna kiran uwa da uba da Sifaniyanci, wani jami'i yana raha cewa an samu ƙungiyar makaɗa. Abin da rahotanni suka kasa yi cikin wata biyu, faifan nan ya yi shi cikin kwana biyu. Ranar 20 ga Yuni Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatarwa. Umarnin bai ce uffan ba game da yaran da aka riga aka ɗauke.

Babu wanda ya rubuta

A ganina nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne aka fi saurin wucewa idan ana ba da labarin. Ana iya jayayya a kan manufar shige da fice har gobe. Abin da ba ya karɓar jayayya shi ne wanda ya karɓi ɗan wani ya rubuta ɗan wane ne.

Hukumomi huɗu ne suka taɓa kowane iyali. Jami'an sintirin kan iyaka suka kama, Ma'aikatar Shari'a ta gurfanar da uba, hukumar ICE mai kama baƙi da korarsu ta tsare shi tana shirin tasa ƙeyarsa, ORR ta ɗauki yaron. Kowace da kwamfutarta da rumbun bayananta, kuma ba sa magana da juna. Manhajar jami'an sintiri tana ba iyali lamba guda. Idan aka raba su, sai jami'i ya sauya rajistar, uba ya zama baligi shi kaɗai, yaro ya zama marar rakiya, lambar da ta haɗa su ta ɓace. Fom ɗin da ake aika wa ORR a lokacin ba shi da gurbin da za a nuna cewa an raba wannan yaro da wani. Jami'in da ya ga dama yakan rubuta a wurin ƙarin bayani, wanda bai ga dama ba ya bar shi fayau.

Ranar 23 ga Yuni gwamnati ta fitar da sanarwa cewa akwai rumbun bayanai na tsakiya da ma'aikatun ke amfani da shi wajen gano iyaye da yara. Sufeto janar na Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, wato mai binciken cikin gida na ma'aikatar kanta, ya je ya duba, ya ba da rahoto a watan Satumba cewa bai ga alamar akwai irin wannan rumbu ba. Rahoton ya kuma gano ɗaruruwan yara da aka riƙe a ɗakunan jami'an sintiri fiye da awa 72 da doka ta yarda. Da kotu ta matsa, sai ma'aikatan lafiya suka zauna suna buɗe fayil kusan 12,000 ɗaya bayan ɗaya da hannu, suna neman wata kalma da za ta nuna yaron da iyaye ya zo.

Matashi ɗan shekara 16 zai faɗi sunan babansa da garinsu. Ɗan shekara biyu fa? Abin da ya sani shi ne "mama". Ga kuma yaran ƙauyukan tsaunukan Guatemala da ba sa jin Sifaniyanci sosai, harsunan Maya irin su Mam da K'iche' suke yi, kuma tafintocinsu ƙalilan ne. A watan Yuli aka kawo wani yaro ɗan shekara ɗaya daga Honduras gaban kotun shige da fice a Phoenix, da kwalbar madararsa, alhali an riga an mayar da mahaifinsa gida. Alƙalin ya ce yana jin kunyar tambayar ko yaron ya fahimci abin da ake yi, tambayar da ƙa'ida ta wajabta masa.

Kuma ba rashin gargaɗi ba ne. Jonathan White, tsohon babban jami'i a shirin yaran na ORR, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa a ƙarshen Yulin 2018 cewa shi da abokan aikinsa sun daɗe suna faɗa wa na sama cewa raba yara da iyaye zai yi musu mummunar illa, kuma ofishin ba shi da wurin ajiye su. Amsar da ake ba su ita ce babu irin wannan tsari. A Janairun 2021 sufeto janar na Ma'aikatar Shari'a ya kammala cewa ofishin Sessions ne ya ingiza lamarin, ya san za a raba iyalai, kuma bai yi shiri da sauran ma'aikatu ba.

Kotu, da neman iyaye a kan babur

Ranar 26 ga Yuni, 2018, alƙali Dana Sabraw na kotun tarayya a San Diego, wanda George W. Bush ya naɗa, ya yanke hukunci a ƙarar matar Kwango, wadda a lokacin ta zama ƙara a madadin duk iyayen da aka yi wa haka. Ya ba gwamnati kwana 14 ta haɗa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da iyayensu, sauran kuma kwana 30. A cikin hukuncin ya yi wani kwatance da ya fi kowane sharhi ciwo. Ya ce idan aka tsare mutum, kuɗinsa da takardunsa da motarsa duk ana rubuta su, a adana, a mayar masa ranar da aka sake shi, amma yaransa ba su samu ko wannan kulawar da ake yi wa kaya ba.

Wa'adin farko ya wuce ba a cika shi ba. Cikin ƙananan yara 103 da aka lissafa, 57 aka haɗa da iyayensu bayan kwana biyu da cikar wa'adin. Zuwa 26 ga Yuli an haɗa manyan yara sama da 1,400, yawanci a farfajiyar gidajen tsare baƙi, wasu da tsakar dare bayan sun daɗe suna jira a mota. Sama da 700 suka rage, kuma 431 daga cikinsu an riga an tasa ƙeyar iyayensu. Da yawan iyayen nan sun sa hannu a takardun da ba su iya karantawa ba, suna zaton hanyar karɓo ɗa ce, ashe amincewa ce da komawa gida ba tare da shi ba.

Sai lauyoyin gwamnati suka ce ai ACLU da ƙungiyoyin agaji su ne ya kamata su nemo waɗanda aka kora. Sabraw bai yarda ba. A farkon Agusta ya ce duk uban da ba a gano ba yana nufin yaro guda da ya zama maraya na dindindin, kuma alhakin hakan ɗari bisa ɗari na gwamnati ne. Duk da haka, a aikace, 'yan sa kai ne suka yi aikin. Wani kwamiti na lauyoyi da ƙungiyoyi ya karɓi jerin sunaye masu lambobin waya da ba sa shiga da adireshin da bai wuce sunan gunduma ba. Ma'aikatan ƙungiyar Justice in Motion suka riƙa hawa babur suna bin ƙauyukan Guatemala da Honduras, suna tambaya a coci da ofishin rajistar haihuwa, suna sa sanarwa a rediyo. Wasu iyayen da aka samu sun ƙi yarda da baƙon da ya zo da maganar ɗansu, kuma wa zai ga laifinsu? Wasu kuma suka zaɓi abin da ya fi kowane zafi, suka ce a bar yaron a Amurka wurin dangi, domin abin da suka gudar masa yana nan.

Adadin ma bai tsaya wuri guda ba. An fara da kusan 2,700. A Janairun 2019 sufeto janar na Ma'aikatar Lafiya ya ce mai yiwuwa akwai wasu dubbai da aka raba tun 2017 kuma aka sallame su daga ORR kafin hukuncin kotu. Da alƙali ya sa aka ƙirga, sai ga ƙarin 1,556. A Oktoban 2020 lauyoyi suka shaida wa kotu cewa har lokacin ba a gano iyayen yara 545 ba. Kwamitin da Biden ya kafa a Fabrairun 2021 ya ƙirga kusan 3,900 a rahotonsa na farko, ACLU kuma ta ce jimillar ta haura 5,000. Yadda har yau ake ba da lamba biyu ko uku a kan tambaya guda, shi kansa shaida ne.

Haɗuwar ba ta goge abin da ya faru ba. Wani rahoton Ma'aikatar Lafiya na Satumban 2019 ya ce yaran da aka raba sun fi sauran nuna tsoro da firgici da jin an yashe su. Wasu sun ɗauka iyayensu ne suka gudu suka bar su, suka yi fushi da su. An ga ƙananan da ba su gane uwayensu ba ranar haɗuwa.

Abin da gwamnati ta ce, da inda take da gaskiya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Jami'ai sun ce masu fasa-ƙwaurin mutane sun gane cewa zuwa da yaro tikitin saki ne, don haka wasu na haya ko aron yara. Sun ce ɗan ƙasa ma idan ya yi laifi aka ɗaure shi, ba ya tafiya da ɗansa. Sun ce hukuncin kwana 20 ya ɗaure musu hannu.

Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, an kama irin waɗannan, ko da yake kaɗan ne cikin iyalan da suka iso. Amma maganin shakka bincike ne, kuma labarin matar Kwango ya nuna gwajin kwanaki kaɗan ne aka bari ya kai wata huɗu. Magana ta biyu ce ta fi rauni. Idan hukumar kula da yara ta wata jiha a Amurka ta ɗauke ɗa daga gidansu, dole cikin 'yan kwanaki a je gaban alƙali, a kawo dalili, a saurari iyaye, a naɗa wanda zai tsaya wa yaron, a tsara ziyara da hanyar komawa gida. A kan iyaka kuwa, a 2018, jami'in sintiri ne ke yanke hukunci shi kaɗai, ba alƙali, ba ɗaukaka ƙara, ba takardar shaida a hannun uwa. Kuma wanda ya faɗa da bakinsa cewa yana so ya tsorata masu tahowa, da wuya ya dawo ya ce don amfanin yaron ya yi.

Riƙo ba waliyyi

Kuskure ne a ɗauka matsalar ta fara da Trump ta ƙare da shi. Rabawar ta 2018 ta fito da wani giɓi ne da ya girme ta. ORR tana ba yaro gado da abinci da aji da likita, amma babu wani mutum guda da doka ta ce shi ne waliyyin yaron nan, wanda za a kama idan ya ɓata. A kotun shige da fice doka ba ta tilasta wa gwamnati ta ba yaro lauya kyauta ba, ko da jariri ne. Dokar 2008 ta yarda a naɗa wa yaro mai kare muradinsa, amma kaɗan ne ke samu. Kuma da zarar an miƙa yaro ga mariƙi, ofishin ya daɗe yana cewa alhakinsa na doka ya ƙare. A shekarun nan da ake magana, abin da ke biyo baya yawanci kiran waya ne guda bayan kwana 30.

An ga sakamakon tun kafin 2018. A 2014 ofishin ya miƙa wasu matasan Guatemala ga mutanen da suka ce dangi ne ko abokan dangi, ashe masu safara ne. Suka kai su gonakin ƙwai a yankin Marion na jihar Ohio, suna aikin awa 12 a rana, suna kwana a rubabbun tireloli. Kwamitin majalisar dattawa ya fitar da rahoto mai zafi a kai a Janairun 2016. A Afrilun 2018 wani jami'in ma'aikatar ya shaida cewa cikin yara 7,635 da aka nema ta waya a ƙarshen 2017, ba a iya tabbatar da inda 1,475 suke ba. Ba lallai ɓata suka yi ba, da yawa mariƙansu ba su da takardu ne suna tsoron ɗaga waya. Tsoron kuma ya tabbata, domin a shekarar aka fara miƙa wa ICE zanen yatsun masu neman karɓar yara, aka kama 170 daga cikinsu cikin 'yan watanni. Dangi suka ja da baya, yaran da ke hannun ORR suka kusa kai 15,000 a Disamba.

Zamanin Biden igiyar ta karkata ɗaya gefen. Yara sun yi yawa, kusan 129,000 aka miƙa wa ofishin a shekarar kuɗi ta 2022, aka matsa wa ma'aikata su riƙa saki da sauri. A Fabrairun 2023 binciken jaridar New York Times ya gano yaran nan suna aikin dare a mayanka da masana'antu da kan rufin gine-gine, suna biyan bashin waɗanda suka karɓe su. In an tsaurara yara su ruɓe a sansani, in an sassauta su faɗa hannun azzalumai, kuma a duka halin biyun babu mai suna guda da ke bin sawun yaro guda. Akwai ƙasashen da suka toshe wannan ƙofar. A Holan, kotu ce ke naɗa hukumar Nidos ta zama waliyyin yaron da ya iso shi kaɗai, har ya cika shekara 18 ko ya koma hannun iyayensa. Amurka kuwa ita kaɗai ce a Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ba, tun bayan da Somaliya ta tabbatar a 2015.

Ƙarar matar Kwango ta ƙare da sulhu, wanda Sabraw ya amince da shi a Disamban 2023. Babu diyyar kuɗi a ciki, tattaunawar diyya ta wargaje tun ƙarshen 2021 bayan hayaniyar siyasa. An ba iyalan izinin zama da aiki na wucin gadi, da taimakon gida da asibiti da lauya. An wajabta rubuta duk wata rabawa a rumbun da ma'aikatu za su iya gani tare, an kuma haramta irin rabawar 2018 na tsawon shekara takwas. A Disamban 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce yaran da ba a tabbatar da haɗuwarsu da iyayensu ba za su iya kai 1,360. Ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da Trump ya dawo mulki, aka soke umarnin da ya kafa kwamitin neman su. Haramcin zai ƙare a 2031, shekarar da yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara biyar zai cika 18.